Kafin a ɗaura wa tsohon babur sabuwar ƙafar gaba

Yawancin baburan da ke zirga-zirga tsakanin Garin Kaka, Ɗan Daji Makau, Cadakori da Gidan Runji tsofaffi ne. Wasu da su aka tsallako iyaka tun 2019, wasu a nan aka saye su hannu na biyu ko na uku. Su ne motar asibitinmu idan naƙuda ta zo da dare, su ke kai buhu kasuwa, kuma akwai gidaje da yawa da ba a ɗora tukunya sai ɗan kabu-kabu ya dawo da yamma. Abin da ya fi saurin gajiya a jikin irin wannan babur shi ne ƙafar gaba, domin ita ke fara cin karo da rami da kututture da dutsen da yashi ya rufe.

Idan ta lanƙwashe, ba kullum ake samun irin tata ta asali ba. Abin da ya fi yawa a kasuwa shi ne wilin baburan da suka fito daga baya. Sai mutum ya sayo, makanike ya cusa, a ga ya shiga kuma yana juyawa, a ce an gama. To ba a gama ba. Shigar wili tsakanin shokazoba biyu ba ita ce shaidar ya dace da babur ba. Mun zauna da makanikan da ke gyara a bakin kasuwa mun yi musu tambayoyi, ga abin da muke so kowane mai babur, da duk wanda ake goyawa a baya, ya sani.

Girman wili

A duba gefen taya, akwai lambobi a jiki. Idan an ga 2.75-18, ma'anarsa faɗin tayar inci 2.75 ne, kuma an yi ta ne don wili mai inci 18. Lambar ƙarshe ita ce abin lura. Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975, da baburan Sin masu yawa da aka kwaikwaya daga gare shi, inci 18 suke amfani da shi. Boxer ɗin kamfanin Bajaj na Indiya, wanda ya cika hanyoyinmu yanzu, inci 17 ne. Tayar 17 ba ta hawa wilin 18, ta 18 kuma ba ta zama a kan na 17. Kada a yarda mai faci ya tilasta ta da ƙarfe.

Inci ɗaya ba shi da yawa a ido, amma babur yana jin sa. Idan aka sa wilin 17 a inda na 18 yake, gaban babur zai sauka da santimita ɗaya da ɗoriya. Kansa zai yi sauƙin juyawa fiye da yadda mai shi ya saba, ya riƙa rawa a cikin yashi, kuma ƙaramar ƙafa ta fi nutsewa a rami. Agogon gudu ma, ga wanda nasa ke aiki, zai iya fara nuna abin da ba shi ne ba. Idan kuma babban wili aka sa a inda ƙarami yake, matsalar ta fi muni. Babur yana tsaye ba za a ga komai ba, amma da zarar an ɗora kaya an faɗa rami, shokazoba ta nutse, taya na iya gogar madigadi ko ta kai ga gaban inji. Tayar gaba da ta cije ana cikin gudu ba ta ba mutum lokacin yin dabara.

Shawararmu a nan gajeriya ce: a nemi wili mai girman na asali. Idan babu, sai a auna, a danna kan babur da ƙarfi har ƙasa a ga ko akwai sauran fili ta kowane gefe.

Aksil da boris

Aksil shi ne dogon ƙarfen da ke ratsa tsakiyar wili ya ɗaure shi da ƙafafun shokazoba. A ƙananan babura kaurinsa yakan zama milimita 10, 12 ko 15. Wili kuma yana juyawa ne a kan boris guda biyu da ke cikin hob, wato cibiyar wilin, kuma dole ramin boris ya zama daidai da kaurin aksil, ba tare da ko ɗan motsi ba.

Ba sai an yi dogon karatu ba kafin a gane wannan. Kowane boris yana da lamba a gefensa, kuma lambobi biyu na ƙarshe su ke faɗar faɗin raminsa: 00 milimita 10 ne, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 kuma 17. Ke nan boris mai lamba 6301 na aksil mai milimita 12 ne, mai 6202 kuma na mai 15. Idan aka zura aksil mai 12 cikin boris mai 15, an bar fili na milimita 3, kuma wili zai riƙa karkaɗawa ko da an ɗaure noti har sifana ta lanƙwashe. Abin da wasu ke yi, su yanko gwangwanin madara ko na tumatir su naɗe aksil da shi, ba gyara ba ne. Gwangwani ƙarfe ne mai laushi, kwana kaɗan zai niƙe.

Wani lokaci ana dacewa a canza boris kawai. Misali, 6300 da 6202 girmansu ɗaya ne ta waje, faɗi milimita 35, kauri 11, ramin ciki ne kawai ya bambanta, don haka ɗaya na iya zama a gurbin ɗaya. Amma 6201 faɗinsa 32 ne, 6301 kuma 37, ba sa musanya da waɗancan. Idan ba a samu boris da ya dace ta ciki da waje ba, aikin ya koma na mai injin sassaƙa ƙarfe a birni, ya yanka bututu daidai awo. Abubuwa biyu ne ba a yi ko da makanike ya ce ya saba: ba a faɗaɗa ramin ƙafar shokazoba don aksil mai kauri ya shiga, ba a kuma goge aksil don ya sirance. In za a sayi sabon boris, a nemi mai 2RS a bayan lambarsa. Wannan yana da murfin roba ta fuska biyu, kuma a ƙasar ƙura irin wannan ya fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Akwai wani ɗan ƙarfe da ake yawan mantawa da shi saboda ba a ganin sa. A cikin hob, tsakanin boris biyun, akwai bututun da aksil ke bi ta cikinsa. Aikinsa shi ne ya tokare boris ɗin idan an ɗaure noti. Idan babu shi, ko ya gajarta, ɗaurin notin zai matse boris biyun ciki, wili ya yi nauyin juyawa, boris ya yi zafi ya watse a hanya. Wilin da aka sayo a kasuwar tsofaffin kaya sau da yawa yakan zo ba shi. A leƙa da tocila kafin a biya kuɗi.

Daga nan sai gajerun bututun da ke gefe da gefe ta waje, waɗanda makanikai ke kira bushi. Su ke tsayar da wili a tsakiya. Bayan an ɗaura, a auna tazarar da ke tsakanin gefen wili da ƙafar shokazoba ta dama, a auna ta hagu. Ko da tsinke ne ana iya aunawa. Idan ba su zo daidai ba, ƙafar gaba da ta baya ba sa bin layi ɗaya, babur zai riƙa janye mutum gefe guda, taya kuma ta cinye ta ɓangare ɗaya. Kada a cike gibi da tarin wasa, kada kuma a ja ƙafafun shokazoba da noti har su haɗu da wili. Idan an matse su ciki, ba za su riƙa hawa da sauka yadda ya kamata ba, robar da ke riƙe mansu za ta fara yoyo, man kuma birki yake gangarowa.

Birki: nan ne rai yake

Duk abin da muka faɗa a sama yakan ba da alama kafin ya yi ɓarna. Za a ji ƙara, ko rawa, ko janyewa. Kuskuren birki shi ne wanda ba ya sallama.

Tsofaffin baburanmu birkin waya gare su. A gefen hob akwai faranti da ke ɗauke da takalman birki biyu. Idan aka matsa hannu, waya ta ja, takalman su buɗe su kama cikin hob. To a lokacin nan wili yana ƙoƙarin tafiya da farantin gaba ɗaya. Abin da ke hana shi wani ɗan tudu ne a jikin ƙafar shokazoba wanda ke shiga wata tsaga a jikin farantin. A wasu babura kuma wani ƙarfe ne mai noti ke riƙe shi. Wannan tudu da tsagarsa ba su kai girman babban yatsa ba, amma duk nauyin babur da direba da fasinja a kansu yake sauka idan an taka birki.

Farantin sabon wili ba lallai tsagarsa ta zo daidai da tudun tsohuwar shokazoba ba. Wani lokaci ta fi faɗi, wani lokaci tana wani wuri daban, wani lokaci tudun bakinsa kawai ke taɓawa. A wajen makanike, babur na kan jaki, a juya wili da hannu a matsa birki, zai tsaya cak, kowa ya gamsu. Ranar da akuya ko yaro ya gitta aka damƙe birki da ƙarfi, ranar farantin zai kuɓuce ya juya tare da wili. Yana juyawa zai fizgi wayar birki. Ko dai wayar ta tsinke a rasa birki ɗungurungum, ko ta ƙara matse takalman, ƙafar gaba ta kulle, babur ya jefar da kowa ta kai. Saboda haka mai babur ya durƙusa da kansa ya gani da idonsa cewa tudun ya shige tsagar har ciki. Ya riƙe birki, ya tura babur gaba ya ja shi baya: farantin bai kamata ya motsa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ɗaure shi da waya ko igiyar roba ba ya cikin lissafi.

Haka kuma faranti da hob su zama na gida ɗaya. Akwai hob mai faɗin ciki milimita 110, akwai mai 130. Tsohon faranti a cikin sabon hob, ko da ya rufe, takalmansa ba za su kama ko'ina ba. In za a sayi wili, a saye shi da farantinsa da takalmansa da bushinsa, har da aksil ɗinsa idan akwai.

Sababbin babura da yawa kuma birkin mai gare su, mai faifan ƙarfe a gefen wili. Matasa suna son sa, kuma gaskiya ya fi kamawa. Amma faifan shi kaɗai ba birki ba ne. Sai da abin da ke cizon faifan, wanda ake ɗaurewa da kusoshi biyu a kunnuwan da aka ƙera tare da ƙafar shokazoba, sai tiyon mai, sai hannun birki mai ɗan tankinsa. Tsohuwar shokazoba ba ta da waɗannan kunnuwa. Mun san akwai masu walda da za su ce za su liƙa. Ba mu goyi bayan haka ba. Ƙasan shokazoba a mafi yawan babura na alminiyum ne da aka zuba, waldar bakin hanya ba ta riƙe shi, kuma wurin da aka liƙa shi ne daidai wurin da ƙarfin birki ke bugawa. Mafi muni shi ne abin da mukan gani jefi-jefi: wili mai faifai a gaba, ba abin da ke cizon sa, mutum yana yawo da birkin baya kaɗai. Birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayar da babur. Wanda ya ɗauko mace mai ciki a haka, da birkin da bai kai rabi ba ya ɗauko ta.

Mai son birkin mai sai ya canza gaban baki ɗaya daga babur guda: shokazoba biyu, wili, aksil, birki da hannunsa, bayan an tabbatar kaurin shokazobar da tsawonta sun dace da mariƙinta. Man da ake zubawa an rubuta shi a murfin tankin, DOT 3 ko DOT 4. Man inji ba ya maye gurbinsa, kumbura robobin ciki yake yi birki ya mutu. Sannan a koya wa hannu sabon birkin a fili, domin a kan yashi yana saurin kulle ƙafa.

Mai waya ko na zubi?

Sababbin wili da yawa na zubi ne, ba su da wayoyi. Suna da kyan gani, ba a ɗaure musu waya, kuma da yawansu suna ɗaukar tayar da ba ta da tib, wadda idan ƙayar aduwa ta soke ta iska ke fita a hankali maimakon ta sace lokaci guda. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga mai tafiyar dare.

Duk da haka, a ganinmu, ga hanyoyin da muke bi da irin lodin da muke yi, mai waya ya fi. Yana ɗan lanƙwasawa ya sha duka, idan ya karkace mai gyaran keke ma zai iya miƙe shi, waya ɗaya ta tsinke a sa wata. Na zubi idan ya daki dutse tsagewa yake, kuma wanda ya tsage ya gama aiki. A wanke shi tas a duba shi a rana kafin a saya, musamman gindin ƙafafunsa da bakin da taya ke zama. Sabon fenti a kan tsohon wili dalili ne na ƙara dubawa.

Wannan ya kawo mu ga hanyar da ta fi sauƙi, wadda mutane ke tsallakewa. Sau da yawa da'irar waje ce kawai ta lalace, hob ɗin lafiyarsa lau. Idan aka sayi sabuwar da'ira mai girman ta asali, mai yawan ramuka daidai da na hob, aka ɗinke ta da sababbin wayoyi a kan tsohon hob, to aksil da bushi da faranti da wayar agogo duk suna nan a mazauninsu, ba abin da za a yi wa dabara. Aikin yana cin yini guda a hannun wanda ya iya. Don haka kada a yi saurin sayar wa masu gwangwan tsohon wili.

Idan karo ne ya lanƙwasa wilin, a sa makanike ya zare ƙarafan shokazoba ya mirgina su a kan abu mai shafe. Bugun da ya isa ya karya wili yakan isa ya tanƙwara su, kuma sabon wili ba zai miƙar da su ba.

Bayan an ɗaura

A duba kibiyar da ke gefen taya, ta fuskanci inda wili ke juyawa idan ana tafiya gaba. A duba shekarunta: akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta daɗe tana iya zama da zanenta ras amma robar ta bushe ta fara tsattsagewa. A ɗaga gaban babur a juya wili, a kafa tsinke kusa da bakinsa: idan yana kaɗawa fiye da milimita 2, a koma a daidaita. A kama taya da hannu biyu a girgiza gefe da gefe, kada a ji ƙwas-ƙwas. Notin aksil mai tsaga-tsaga a sa masa sabon fil, ba ƙusa ko guntun waya ba. A juya kan babur dama da hagu har ƙarshe a ga wayar birki ba ta ɗamewa.

Gwajin farko mai babur shi kaɗai zai yi, da hular kwano, a hankali, a fili, ba a tsakanin gidaje inda yara ke wasa ba. Washegari a sake bin notuna. Bayan mako guda a bi wayoyin wili da sifana ana ƙwanƙwasawa, wadda ta saki za a ji ƙararta ta mutu.

Iyaye mata da sauran masu hawa baya, ku ma kuna da ta cewa. Ba sai da sifana ba. Ku dubi hannun dama na direba: akwai hannun birki, kuma waya ko tiyo ya sauka daga gare shi har ƙafar gaba? Ku ce ya matsa ya tura ku gani. Idan ya ce ai na baya ya isa, ku jira wani.

Rasit da lambar babur

Saura magana ɗaya da ta shafi ofishinmu kai tsaye. Kowa ya san yadda ake kallon babur a wannan yanki na iyaka, da yadda ake ƙwace su a hanya a wargaza a sayar da kayan ɗaya-ɗaya. Wili mai arha da wani baƙo ya kawo da magariba yana iya zama na baburin da ake nema. Idan mai shi ya gane kayansa a jikin naka, kai za a fara tambaya, kuma ɗan gudun hijira ba shi da dangi da yawa a nan da za su tsaya masa. Dokar ƙasar da ta karɓe mu tana kanmu kamar yadda take kan kowa. A saya a shago ko wajen wanda aka sani, da rana, a gaban shaida, a karɓi takarda mai kwanan wata da sunan mai sayarwa da bayanin abin da aka saya. A ajiye ta tare da takardar mallakar babur, wadda a nan ake kira kat giriz.

Canza wili ko shokazoba ba ya taɓa lambar babur. Amma lambar jikin tana buge ne a wuyan babur, daidai inda makanike ke aiki idan zai canza gaba. A gaya masa tun kafin ya fara kada ya goge wurin, kada ya yi walda a kai, kada ya shafe shi da fenti mai kauri. Lambar da ta goge ko ta yi kama da an taɓa ta tana iya sa a riƙe babur a shingen jandarmomi, ko da kuwa naka ne halak malak.

Wanda ke son a karanta masa lambobin taya ko na boris, ko a rubuta masa takardar ciniki da Faransanci, ya same mu a ofis a lokutan aiki. Ba a biyan ko dala.